Hosta da Sha'anin Inuwa: Fashin Baƙi Kan Shukar da Ake Reno Don Ganyenta

Da wuya a sami lambun da ba shi da wata kusurwa da ta gagari mai shi, ko dai bayan katanga inda rana ba ta leƙawa sai na ɗan lokaci, ko kuma gindin wata babbar bishiya inda duk furen da aka dasa yake zuƙewa ya yi tsawo ya rame, sannan ya ƙi buɗewa. A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, shukar da masu lambu suka fi komawa gare ta domin irin wannan wuri ita ce hosta. Shuka ce marar kara, ganyenta yana fitowa kai tsaye daga tushe ya yi tsibi kamar an kifa ƙwarya, yana mutuwa idan sanyi ya shigo, ya sake tohowa daga wannan tushen idan sanyi ya wuce, kuma haka za ta yi ta yi shekaru masu yawa a wuri ɗaya. Tana yin fure fari ko mai launin shunayya a kan doguwar sanda, amma ba don furen ake ajiye ta ba. Ganyen ne abin nema, domin akwai mai faɗi kamar faifai, akwai siriri kamar harshen mashi, akwai kore shar, akwai rawaya, akwai mai ruwan shuɗi, akwai kuma mai ratsin fari a baki ko a tsakiya.

Abin da ya sa nake ganin shukar ta cancanci dogon bayani shi ne sunan da aka laƙaba mata na "mai son inuwa", wanda ya taimaka mata wajen yaɗuwa kuma ya jawo mata wahala a hannun mutane da yawa. Mai lambu yakan ji wannan suna, sai ya ɗauke ta ya kai ta lungun da ya fi ko'ina duhu da bushewa, ya juya baya, bayan shekara uku ya tarar ba ta ƙaru da komai ba, ya yanke hukunci cewa shukar ba ta da kirki. Gaskiyar maganar ita ce hosta tana jure inuwa fiye da yawancin tsirrai, amma haske take ci kamar kowace shuka, kuma abin da inuwar take yi mata shi ne kare faffaɗan ganyenta daga zafi da asarar ruwa. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci kusan duk sauran ƙa'idojin renonta ba tare da ya haddace su ba.

Asalin shukar gabashin Asiya ne, wato Japan da Koriya da Sin da gabashin Rasha, kuma a Japan ne aka fi samun ire-irenta a daji, inda ake kiran ta giboshi. Sunan da duniya ta san ta da shi ya samo asali ne a 1812, lokacin da masanin tsirrai Leopold Trattinnick ya raɗa mata shi domin girmama Nicolaus Thomas Host, likita kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya. An ɗauki shekaru ana kuma kiran ta funkiya, kuma har yau akwai sassan Turai da ba su saki wannan suna ba. Mutumin da ya fi kowa tasiri wajen kai ta Turai shi ne Philipp Franz von Siebold, likita Bajamushe da ya yi aiki a tashar kasuwancin 'yan Holan da ke tsibirin Dejima a Nagasaki ta ƙasar Japan daga 1823 zuwa 1829, wanda ya koma da tarin tsirrai ya rene su a birnin Leiden na ƙasar Holan. Daga irin daji kimanin 40, masu haɗa iri sun fitar da dubban nau'o'i, kuma a Amurka an kafa ƙungiyar masu sha'awar hosta tun 1968.

Wurin zamanta na asali ya fi tarihin sunanta amfani ga mai lambu. A Japan ba a tsakiyar duhun kurmi aka fi samun ta ba. Ana ganin ta a bakin daji inda haske ke ratsowa, da gaɓar rafuka, da filayen ciyawa masu danshi, wasu ma a maƙale jikin duwatsun da ruwa ke tsattsafowa. Lokacin zafi a wannan yanki shi ne lokacin ruwan sama mai yawa, iska tana cike da laima, gajimare yana rage kaifin rana. Ke nan shukar ta saba da haske wadatacce amma marar ƙuna, da ƙasa mai danshi a daidai watannin da take girma, sannan da hunturu mai sanyi wanda take kwanciya a cikinsa. Duk aikin mai lambu ƙoƙari ne na kwaikwayon waɗannan abubuwa uku gwargwadon hali.

Domin a gane dalilin da rana take cutar da ita, sai a dubi yadda ganye yake aiki. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda shuka take buɗewa ta shaƙi iskar da take haɗa abincinta da ita, kuma ta waɗannan ƙofofin ne ruwa yake fita a matsayin tururi. Ganyen hosta faffaɗa ne, an yi shi ne domin ya tattara ɗan hasken da ke ratsowa ta tsakanin rassa, sai dai faɗin nan da yake amfanar sa a inuwa shi ne yake zame masa nauyi a rana, domin yana zubar da ruwa da sauri fiye da yadda saiwa za ta iya janyowa daga ƙasa. Idan haka ta faru, wurin da ya fi nisa da jijiyoyin ganyen, wato bakinsa, shi ne yake fara bushewa, ya koma ruwan ƙasa, ya yi ƙayau kamar takarda. Mutane da yawa suna ganin wannan su zaci cuta ce, su nemi maganin feshi, alhali ƙishirwa ce kawai da zafi. Shi ya sa hosta guda za ta iya zama lafiya lau a rana rabin yini a ƙasa mai sanyi da yawan ruwa, amma ta ƙone a sa'o'i biyu na rana a wuri mai zafi da bushewa. Babu wani adadin sa'o'i da za a ce shi ne daidai ga kowa, sai an haɗa shi da zafin wurin da ruwan da ke cikin ƙasa.

Ita kanta inuwar iri-iri ce. Wadda ta fi dacewa da hosta ita ce inuwar bishiya mai tsawo wadda rassanta suka yi sama, hasken rana yana ratsowa ɗigo-ɗigo yana yawo a kan ganye, babu inda yake daɗewa har ya ƙona. Mai bi mata ita ce gefen gini da ke samun ranar hantsi na sa'o'i uku ko huɗu, sannan inuwa ta rufe shi kafin rana ta take tsaka, domin hasken safe yana zuwa ne lokacin da iska ke da sanyi kuma ƙasa ba ta bushe ba. Gefen da ke kallon yamma kuwa, ko da sa'o'in ranarsa daidai suke da na gabas, ya fi wahalar da shukar nesa ba kusa ba, saboda ranar la'asar tana tarar da katanga ta riga ta ɗau zafi tana mayar da shi. Akwai kuma inuwa mai kauri, irin ta ƙarƙashin bishiyoyi masu cunkoson ganye ko tsakanin gine-gine biyu, inda hosta ba za ta mutu ba amma za ta tsaya cak, ganyenta ya yi kaɗan, launinsa ya dushe. Masu iya magana sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, kuma mai lambu ya kamata ya ɗauki wannan a zahirinsa, domin inuwa ba a gindin abu kawai take zama ba, tafiya take yi daga safe zuwa yamma, tana kuma sauya wuri daga wata zuwa wata. Kafin a haƙa rami, yana da kyau mutum ya ware yini guda a lokacin zafi ya riƙa leƙa wurin bayan kowace sa'a biyu, ya ga inda rana ta faɗa da tsawon zamanta.

Abin da ya fi burge ni game da wannan shuka shi ne cewa launin ganyenta yana gaya wa mutum irin hasken da take bukata, in dai ya san yadda ake karanta shi.

A fara da masu ruwan shuɗi, irin su nau'in da ake kira Halcyon da manyan da suka fito daga jinsin da aka sa wa sunan Siebold. Shuɗin nan ba a cikin ganyen yake ba. Wani siririn kaki ne da ganyen yake fitarwa ya lulluɓe kansa da shi, kamar farar ƙurar da ake gani a jikin ɗanyen inabi, kuma shi ne yake karya haske ya sa ido ya ga shuɗi. Duk wanda ya sa babban yatsansa ya murza irin wannan ganye sau ɗaya zai ga tabo kore mai sheƙi ya bayyana a daidai inda ya taɓa, kakin ya manne masa a yatsa, kuma wannan tabon zai zauna a ganyen har ƙarshen shekara, domin ganyen da ya gama girma ba ya sake yin wani kakin. Zafin rana yana narkar da shi, ruwan da ake fesawa da ƙarfi daga sama yana wanke shi, shi ya sa hosta mai shuɗi da aka dasa a rana takan koma kore tun kafin tsakiyar lokacin zafi, mai ita ya ɗauka an sayar masa da wani iri dabam. Waɗannan su ne suka fi kowanne bukatar inuwa mai sanyi, a kuma riƙa ba su ruwa daga gindi.

Masu rawaya ko ruwan zinare akasin haka suke. Sinadarin kore da shuka take kama haske da shi, wanda ake kira kulorofil, bai kai na koren ganye yawa a jikinsu ba, don haka suna bukatar ƙarin haske kafin su ƙoshi, kuma sai sun sami ranar safe launinsu yake fitowa sosai. Idan aka kai su inuwa mai kauri sai su koma wani kore-kore marar armashi. Hostar da ake kira Sum and Substance, wadda tsibinta kan wuce mita ɗaya da rabi a faɗi, tana cikin waɗanda suka fi jure rana, saboda ganyenta yana da kauri kamar fata. Kore zalla kuwa su ne marasa fitina, suna zama a inuwa mai yawa fiye da sauran, suna kuma girma da sauri.

Masu ratsin fari su ne suke bukatar a yi musu tunani sau biyu. Farin ɓangaren ganye ba shi da kulorofil ko kaɗan, ba ya haɗa abinci, ci kawai yake yi daga abin da koren ɓangaren ya samar. Idan farin a baki yake, kamar a jikin nau'in da ake kira Patriot, matsalar kaɗan ce domin yawancin ganyen kore ne. Amma idan farin ya mamaye tsakiya, shukar tana shiga tsaka mai wuya: tana bukatar haske mai yawa domin ɗan koren da ke gefe ya ciyar da ita, alhali farin tsakiyar siriri ne, rana kaɗan take ƙona shi ya huje. Irin waɗannan ba sa son komai sai haske mai yawa marar zafi, kamar na hantsi, kuma ko an yi musu duk abin da ya dace ba sa saurin girma. Shawarata ga wanda bai taɓa renon hosta ba ita ce ya bar su sai hannunsa ya faɗa, ya fara da kore ko mai farin baki, domin kyan da suke da shi a tukunyar mai sayarwa yakan ruɗi mutum.

Daga haske sai ƙasa da ruwa, kuma a nan ne yawancin masu dasa hosta a gindin bishiya suke faɗuwa. Na taɓa dasa guda uku a ƙarƙashin wata bishiya mai saiwa sama-sama, na cika ramukan da taki mai kyau, ina ba su ruwa a kan kari. Shekarar farko sun yi kyau, ta biyu suka tsaya, ta uku ganyensu ya koma rabin girmansa. Da na sa shebur domin in ga abin da ke faruwa, sai na ji ya ƙi shiga, kamar ina sukar tabarma. Ƙananan saiwoyin bishiyar ne suka bi taki da ruwan da nake zubawa, suka saƙa kansu cikin saiwar hostar har ba a iya bambance su, ƙasar da ke tsakaninsu kuma ta bushe ƙamas duk da ruwan da aka ba ta kwana biyu kafin nan. Inuwar wurin ba ta da laifi, gasar da ake yi a ƙarƙashin ƙasa ce shukar ta kasa. Mafita a irin wannan wuri ita ce a matsa nesa da gindin zuwa inda inuwar take kaiwa amma saiwoyin suka yi ƙaranci, ko a sa hostar a babbar tukunya a ajiye a ƙarƙashin bishiyar. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a jibge ƙasa mai kauri a kan saiwoyin bishiya domin a sami wurin dashe, domin hakan yana toshe musu iska ya raunana bishiyar, kuma cikin shekara ɗaya ko biyu saiwoyin za su hauro su cika sabuwar ƙasar.

Ƙasar da hosta take so ita ce mai riƙe danshi amma ba mai kwantar da ruwa ba, irin ta bakin daji wadda ruɓaɓɓen ganye ya yi wa laushi. Ƙasa mai yashi tana zubar da ruwa da wuri, mai yumɓu tana riƙe shi har saiwa ta shaƙe, kuma maganinsu duka ɗaya ne, wato a cuɗa su da ruɓaɓɓen taki da ruɓaɓɓen ganye zuwa zurfin kamar santimita 30, a faɗin da ya fi ramin dashen. Saiwar hosta ta fi bazuwa gefe a kan nutsawa ƙasa, don haka faɗin rami ya fi zurfinsa muhimmanci. A dasa ta yadda kan tushen, inda ganye da saiwa suka haɗu, zai yi daidai da fuskar ƙasa, kada a binne shi. Ruwan da take bukata a lokacin girma ya kai kimanin santimita biyu da rabi a mako, wato wajen lita 25 a kowace murabba'in mita, kuma gara a ba ta shi da yawa sau ɗaya ko biyu ya nutse, a kan yayyafin kullum da ba ya wuce saman ƙasa. Da safe ya fi, domin ƙasar da ta kwana a jiƙe gayyata ce ga dodon koɗi. Lulluɓe ƙasa da ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 yana rage bushewa ƙwarai, da sharaɗin a bar tazara tsakaninsa da tushen. Batun takin zamani kuwa ba ya bukatar dogon zance: kaɗan ya isa a farkon toho, kuma yawan sinadarin naitirojin da ke cikinsa yana sa ganye ya yi laushi, ƙwari su ji daɗinsa.

Sai haƙuri. Hosta ba ta nuna kamanninta na gaskiya sai ta shekara huɗu zuwa shida a wuri ɗaya, manyan ma sukan wuce haka. Ganyen ƙaramar shuka yakan fi na babba siranta, ratsinsa bai cika ba, ƙwarmin da ke sa wasu ganyaye su yi gwanin kyau bai fito ba. Wannan yana da nasaba da tazarar dashe, domin ƴar shukar da aka saya a tukunya mai faɗin tafin hannu tana iya zama Blue Mouse Ears wadda ba za ta wuce taƙi ɗaya ba a tsawo, tana kuma iya zama Empress Wu wadda za ta haura mita guda. A bar wa ƙanana kamar santimita 30, manya kuwa mita ɗaya ko fiye, ko da wurin zai yi kamar fanko a shekarun farko. Yawan tumɓuke ta ana sauya mata wuri yana mayar da ita baya kowane lokaci.

Akwai wani sharaɗi da babu dabarar da take kauce masa, shi ne sanyi. Idan kaka ta yi, yini ya gajarta, hosta tana janye abincin da ke cikin ganyenta ta adana a tushe, ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Tushen ba ya farkawa da ƙarfi sai ya sami makonni da dama, wata guda ko fiye, a sanyin da bai wuce digiri 5 a ma'aunin Selshiyas ba. Tana jure sanyin da ya daskarar da ƙasa ba tare da ta ji komai ba, amma inda babu hunturu irin wannan takan yi toho marar ƙarfi, ta riƙa raguwa shekara bayan shekara har ta ƙare. Jinsin da ya fi sauran jure zafi shi ne wanda ake kira plantaginea, ɗan asalin ƙasar Sin, mai farin fure babba da ke buɗewa da yamma yana ƙamshi, wanda daga gare shi ne hostoci masu ƙamshi irin su Royal Standard da Guacamole suka gaji ƙamshinsu, amma shi ma ba shukar ƙasashe masu zafi duk shekara ba ne. Wanda yake zaune a inda sanyi ba ya kaiwa haka, ya fi masa alheri ya nemi kaladiyum, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda shi ma don ganye ake renonsa a inuwa, yana son ɗumi da laima, yana kuma yin nasa hutun a lokacin da ƙasa ta bushe. Duk abin da aka faɗa a sama game da haske da ruwa da saiwar bishiya ya shafe shi.

Wajen yawaita ta, hanyar da ta tabbata ita ce raba tushe. Ana yin haka ne a farkon toho, lokacin da kawunan suka ɓullo kamar ƙananan ƙahoni kafin ganye ya warware, ko kuma a ƙarshen lokacin zafi, da sauran makonni kafin ƙasa ta daskare. A tono tsibin gaba ɗaya, a wanke ƙasar domin a ga inda kawunan suka rabu, a yanka da wuƙa mai kaifi ta yadda kowane kashi zai tashi da kai biyu ko uku da isasshiyar saiwa. Dalilin da ya sa ba a dogara da iri ba shi ne yawancin nau'o'in lambu ba sa haifar kamarsu, musamman masu ratsi. Ganye mai launi biyu haɗin nama iri biyu ne a jiki ɗaya, wani sashe mai kulorofil, wani marar shi, kuma wannan tsari a wurin toho yake zaune, ba ya bin ƙwayar iri yadda yake. Akwai jinsi ɗaya, ventricosa, wanda irinsa ba ya gadon komai daga wajen uba, ƴaƴansa su fito sak uwarsu, amma shi kaɗai ne a wannan hali. Wani lokaci kuma kai ɗaya a cikin tsibi yakan fito da launi dabam. Ta haka aka sami sababbin nau'o'i da yawa, kamar June da ta fito daga Halcyon. Amma idan kan da ya sauya kore ne zalla a cikin tsibi mai ratsi, a yanke shi tun daga tushe da wuri, domin ya fi ƴan'uwansa ƙarfi, kuma in aka ƙyale shi zai danne su cikin ƴan shekaru.

Babban abokin gabar hosta shi ne dodon koɗi, mai ƙwanso da marar ƙwanso, kuma wurin da shukar take so, mai inuwa da danshi, shi ne wurin da shi ma yake so. Da rana ba a ganin sa, sai dai ramuka a tsakiyar ganye da wani sawu mai ƙyalli kamar an ja zaren azurfa. Wanda ya fita da tocila bayan magariba a daren da aka yi yayyafi, ya ɗaga ganyen ƙasa, zai tarar da su jere a jikin sandar ganye suna hawa, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kuma waɗannan ƙananan ne suka fi ɓarna. Lokacin da ya fi hatsari shi ne farkon toho, domin cizo ɗaya a jikin ganyen da yake naɗe yana zama jerin ramuka idan ya buɗe, kuma ganyen zai ɗauki wannan tabo har kaka. Tsince su da hannu dare bayan dare a waɗannan makonnin yana rage su fiye da yadda ake zato. Akwai ƙwayoyin magani da ake barbaɗawa, kuma masu sinadarin ƙarfe da fosfet sun fi aminci ga dabbobin gida da tsuntsaye a kan masu metaldihaid, wanda Birtaniya ta haramta amfani da shi a fili tun 2022. Amma abin da ya fi duka tasiri shi ne zaɓen iri tun farko, domin masu kaurin ganye da masu kaki ba su cika shan wahala ba, masu siririn ganye da fararen ratsi kuwa su ne abincin farko. A wasu wurare dabbobin daji dangin barewa suna cinye ganyen a dare ɗaya, ɓerayen ƙasa kuma suna cin tushen daga ƙarƙashi. Ita ma shukar tana da sinadarin saponin da ke sa karnuka da kyanwoyi da dawaki amai da gudawa idan suka ci, don haka mai dabbobi ya lura da inda zai dasa ta.

Cututtukan da suka cancanci a san su uku ne, kuma mafi muni ita ce wadda ake kira bairas X na hosta, wadda masanin cututtukan tsirrai Ben Lockhart na Jami'ar Minnesota ya bayyana a 1996. Alamarta ita ce kore mai duhu da yake malala daga jijiyoyin ganye zuwa gefe kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, wani lokaci da ƙuraje ko lotsawa a fuskar ganyen, kuma an fi ganin ta a jikin masu rawaya. Abin takaici shi ne kafin a gane ta, an sayar da wasu shuke-shuken da suka kamu a matsayin sababbin nau'o'i saboda zanen ya yi kyau a ido. Ruwan jikin shuka ne yake ɗauke da ita, don haka wuƙa da almakashi da shebur da hannun mai lambu su ne suke kai ta daga tsibi zuwa tsibi, kuma shuka tana iya ɗauke da ita shekara ɗaya ko fiye ba ta nuna komai ba. Ba ta da magani. Wadda ta kamu sai a tono ta duka da saiwarta a zubar, kada a sa ta cikin taki, kuma a mayar da shi al'ada a goge kayan aiki da sabulu da burushi, a bi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kafin a taɓa wata shukar. Ta biyu ita ce ruɓar gindi, wadda wata fumfuna ke jawowa a lokacin zafi da laima: ganyen waje ya yi rawaya ya faɗi, a ja shi ya fita salin-alin, a gindinsa a ga farin zare-zare da ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙwayar mastad. Abin lulluɓe ƙasa da aka tura har jikin tushe yana taimaka mata, shi ya sa aka ce a bar tazara. Ta uku wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu zama a cikin naman ganye, waɗanda suke barin dogayen ratsi ruwan ƙasa tsakanin jijiya da jijiya a ƙarshen lokacin zafi, kuma fantsamar ruwa ce take yaɗa su, wanda ƙarin dalili ne na ba da ruwa daga gindi.

Idan fure ya gama, ana iya yanke sandarsa domin shukar ta mayar da ƙarfinta ga tushe maimakon yin iri, ko da yake wasu suna barin furen saboda ƙudan zuma suna zuwa masa. Ganyen kuwa kada a yi gaggawar yanke shi da kaka, a bari ya yi rawaya ya saki da kansa domin abincin da ke cikinsa ya gama komawa ƙasa, sannan a kwashe shi duka, saboda a ƙarƙashinsa dodon koɗi yake ajiye ƙwai. Daga nan wurin zai zama fili kamar ba a taɓa dasa komai ba har tsawon watanni, don haka a kafa ɗan tsinke mai ɗauke da sunan irin a gefen kowane tsibi, kada a taka kawunan ko a sare su da fartanya. Idan toho ya fara fitowa sannan aka yi hasashen dare mai daskarewa, a rufe shi da zane ko a kifa masa tukunya kafin duhu, a buɗe da safe, domin tushen da ya jure hunturu duka ba ya jin komai, amma sabon ganyen da ya fara warwarewa dare ɗaya ya isa ya lalata shi.